Kafin A Raɗa Wa Ciwo Suna, A Ƙirga Bugun Zuciya

Yau za mu dubi wani koke da ma'aikatan lafiya ke ji kusan kullum a ɗakin ganin likita, mai kemis ma yana jin sa a bakin kanta. Mutum ne zai zo ya ce zuciyarsa na bugawa da sauri, ko gabansa na yawan faɗuwa, ko ƙirjinsa na dukan uku-uku, alhali a zaune yake, bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba. Abin da aka saba gani shi ne, kafin ya rufe baki an riga an raɗa wa ciwon suna. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce olsa ce ta taso, wata ta ce tunani ne ya yi yawa, wani kuma ya ce iska ce ko sammu. Kowane suna yana tafe da maganinsa. Amma a duk masu ba da shawarar, da wuya ka sami wanda ya kama hannun mara lafiyar ya ƙirga bugun na minti ɗaya. Abin da wannan sharhi yake so ya tabbatar shi ne, saurin bugun zuciya alama ce da ke nuni ga wani abu. Aikin farko a ƙirga, na biyu a nemo dalili. Shan maganin rage gudun zuciya kafin a san abin da ya sa take gudu kuwa, ganganci ne da rai.

Bari mu fara da adadi. Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana zaune a natse, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 dare da rana, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti. Idan bugun ya haura 100 alhali mutum na hutawa, likitoci sukan ce saurin ya wuce ƙa'ida. Wannan ma'auni na manya ne. Jariri sabon haihuwa zuciyarsa kan buga sau 120 zuwa 160 kuma lafiyarsa ƙalau, mai juna biyu ma bugunta kan ƙaru da kamar 10 zuwa 20 idan ciki ya tsufa. Ƙirgawar ba ta cin ko kwabo. A bar mutum ya zauna minti biyar, a juya tafin hannunsa sama, a ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ɗan danna har a ji jijiya na harbawa, sannan a dubi agogon waya a ƙirga minti ɗaya cur. Ba a ƙirgawa da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun da kan rikita lissafi. Ana cikin ƙirgawa kuma a lura: bugun a jere yake zuwa daidai wa daida, ko kuwa yakan yi sauri, ya dakata, ya sake ɓarkewa? Wanda yake da na'urar awon jini mai batir a gida, amsar tana gabansa kullum. Lambobi uku take nunawa. Jama'a sukan karanta biyun sama, su yi hamdala ko su yi tsaki, su kwance abin ɗaurin hannu su naɗe, ba su ko kalli ta ukun da ke ƙasa ba, alhali ita ce adadin bugun zuciya.

Wani zai ce, to ina abin damuwa, ai zuciya mai sauri ƙarin jini take turawa? Haka ne, amma abin yana da iyaka. Tsakanin bugu da bugu zuciya takan saki ta cika da jini, kuma a wannan ɗan hutun ne jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta suke samun mafi yawan rabonsu. Mai jan ruwa a rijiya, idan ya riƙa fizgo guga kafin ya nutse, zai yi ta zufa, igiya ta ci masa hannu, amma rabin guga zai riƙa fitarwa. Haka zuciyar da ke buga 180 ko 200 a minti: wahala ta ƙaru, jinin da ke fita ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe, sai jiri, sai ido ya rufe, wani lokaci har suma. Idan kuwa saurin ya ɗore makonni ko watanni, tsokar zuciyar kan gaji ta yi laushi, ko da yake sau da yawa takan farfaɗo in an gyara bugun. Abin da ke ba zuciya umarnin bugawa wani ɗan curin nama ne a ɗakinta na sama na dama, wanda masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, suka bayyana a 1907. Shi ke sakin ɗan lantarkin da ke bin hanyoyinsa har tsokar ta matse. Daga nan matsalar ta kasu biyu. Akwai saurin da zuciya lafiyayya ke yi domin jiki ya nemi ɗauki, akwai kuma wanda ke tasowa domin hanyar lantarkin ita kanta ta rikice. A kunnen mara lafiya duka biyun bugun ƙirji ne, amma maganinsu ya sha bamban ƙwarai.

Kashi na farko shi ya fi yawa a ƙasashenmu, kuma a nan ne maganar Bahaushe ta fito, cewa ruwa ba ya tsami banza. Zazzaɓi kaɗai yana ƙara bugun da kamar 10 a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Sai ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Jinin da ya tsinke ba ya ɗaukar isasshiyar iska, don haka dole zuciya ta ninka zagaye ta cike giɓin. Matar da ke haki in ta share tsakar gida, tana jin bugu har cikin kunnenta da dare, a ja fatar idonta ta ƙasa a ga ta yi fari fat, tafin hannu ma haka, wannan gwajin jini take buƙata, da abinci, da ƙwayar ƙarin jini, da binciken inda jinin ke zurarewa. Ga ƙarancin ruwa a jiki, daga gudawa da amai ko aikin rana a zafin bazara. Ga halittar nan ta gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo: idan ta yi aiki fiye da kima, mutum zai riƙa ramewa alhali yana cin abinci sosai, ga zufa, ga rawar hannu, ga rashin barci, wani har idanu su firfito. Sannan ga abin da muke kai wa baki da kanmu: goro, shayi mai kauri, gahawa, lemon gwangwani na ƙara kuzari, taba, Tramol, wasu magungunan mura, har da maganin asma na shaƙa. A duk waɗannan, zuciya aikinta take yi. A magance dalilin, bugun ya koma daidai.

Inda rashin ƙirgawa ya fi cin rai shi ne wajen haihuwa da jego. Idan mace tana zubar da jini bayan haihuwa, bugun zuciya kan riga hawa tun awon jini bai faɗi ba, domin jikin mace mai ƙuruciya yana iya riƙe awon na wani lokaci alhali jini na ƙarewa. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan ɗakin haihuwa su gwada lambobi biyu. In adadin bugun ya kamo lambar sama ta awon jini ko ya wuce ta, misali bugu 120 awo 100, to akwai haɗari, ko da matar tana magana tana neman ruwan sha. Bayan wannan akwai ciwon raunin zuciya na masu jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kansa daga asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. A Yamai kuma an gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan da ke fama da shi. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020 kan mata 406, ya nuna mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke, inda abin ya kai kusan mace ɗaya a kowace haihuwa ɗari a wuraren da ya fi tsanani. Binciken ya fi ɗora nauyin a kan rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Ko mene ne asalinsa, alamunsa a fili suke: bugun zuciya da sauri, kumburin ƙafa, tari da dare, numfashi ya gagara in an kwanta sai an jingina da filo biyu ko uku. Sau nawa aka ce wa irin wannan baiwar Allah wanka ne bai karɓe ta ba, aka ƙara wa ruwan zafi, aka ƙara kanwa a kunu? Kanwa gishiri ce, gishiri kuwa ruwa yake tara wa jikin da zuciyarsa ta riga ta kasa.

Kashi na biyu, wanda laifin ke ga lantarkin zuciyar, shi ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke tasowa daga ɗakunan sama, ya fi kama matasa, musamman mata. Yakan zo farat ɗaya, bugun ya haura 150, wani har 250, ya yi mintuna ko sa'o'i, sannan ya ɗauke farat ɗaya kamar yadda ya zo. Yana firgitarwa, amma ba kasafai yake kisa ba, kuma yana da magani. Akwai ma dabarar da ba ta buƙatar allura, wadda aka gwada a asibitocin Birtaniya aka wallafa sakamakonta a mujallar Lancet a 2015. Mara lafiya yana kishingiɗe, a ba shi sirinji mai cin mililita 10 wanda babu allura a bakinsa, ya hura da ƙarfi kamar zai tura abin matsawar baya, na daƙiƙa 15. Nan take a kwantar da shi rigingine, a ɗaga ƙafafunsa sama na wasu daƙiƙa 15. Da wannan dabara bugun ya koma daidai ga kashi 43 cikin 100, alhali tsohuwar hanyar yunƙuri kawai kashi 17 ta yi wa amfani. Wanda likita ya tabbatar masa irin nasa ke nan, ana iya koya masa ya riƙa yi a gida. In ta ƙi, akwai allurar adenosine, kuma a manyan cibiyoyi ana zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙone hanyar da ke kawo rikicin, aikin da ke warkar da fiye da tara cikin goma.

Akwai kuma wanda ɗakunan sama ke karkarwa maimakon matsewa, bugun ya zama ba tsari, yatsa ya kasa bin sawunsa. Haɗarin wannan ya wuce ƙirji. Jinin da ya kwanta a ɗakin da ba ya matsewa kan daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai wannan ciwo ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. A Turai ciwon tsofaffi ne. A Afirka kuwa yana kama matasa ma, domin ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi a yarinta kan jawo zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya, hawan jinin da ba a kula da shi ba kuma ya ƙara nasa. Maganin tsinka jini irin su warfarin, bisa kulawar likita, yana rage wannan haɗari sosai. Na uku, wanda ya fi duka muni, daga ɗakunan ƙasa yake tasowa, kuma cikin mintuna yana iya tsayar da zuciya. Masu kallon ƙwallo ba su manta da Marc-Vivien Foé na Kamaru ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin Lyon ta Faransa ranar 26 ga Yuni, 2003, yana da shekara 28, bincike kuma ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da kima. Shekara 18 bayan haka, ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Copenhagen, aka shiga danna masa ƙirji nan take, aka jona masa na'urar da ke farfaɗo da bugu da lantarki, ya rayu, har ya koma taka leda. A irin wannan hali kowane minti rai ne.

To yanzu mu saurari masu ja. Na farko zai ce, malam, ai yawancin faɗuwar gaban nan damuwa ce: tsadar rayuwa, bashi, rashin tsaro, kishi, jarrabawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Tsoro da fargaba suna sakin sinadarin da ke zaburar da zuciya, kuma ciwon firgici ciwo ne na haƙiƙa mai buƙatar kulawa, ba abin da za a ce wa mutum ya cire a ransa kawai ba. Amma damuwa hukunci ne da ake yankewa bayan an duba sauran, domin matar da take da kishiya tana iya kasancewa da ƙarancin jini, ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu ma zuciyarsa tana iya karkarwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya bi diddigin mutum 107 da aka tabbatar lantarkin zuciyarsu ne ke rikicewa. Fiye da rabinsu ba a gane ciwon a zuwansu na farko ba, suka shafe wajen shekara uku kafin a gano, kuma mata ne aka fi cewa tsoro ne kawai ke damunsu. Idan haka ta faru a inda na'urori suke ko'ina, ina ga inda suka yi ƙaranci? Tambaya ɗaya takan taimaka wajen rarrabewa: me ya riga zuwa, tsoron ne ya kawo bugun, ko bugun ne ya taso haka kawai sannan tsoro ya biyo baya?

Na biyu zai ce, ni dai na je kemis an ba ni wata 'yar ƙwaya, na sha, bugun ya lafa, to me kuma ake nema? Ƙwayar da aka fi bayarwa ita ce propranolol ko danginta. Magani ne mai daraja, wanda ya samar da shi a shekarun 1960, James Black, har kyautar Nobel ya samu a 1988. Aikinsa shi ne hana zuciya amsa kiran gaggawar da jiki ke yi mata, kuma nan ne haɗarin yake. Wanda jini ke zuba a cikin cikinsa saboda olsa, ko wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, saurin bugun ne ke riƙe da shi, in an danne shi awon jini ya zube. Mai jegon da ruwa ya taru a huhunta, in aka ba ta shi kai tsaye, numfashin na iya ƙara tsananta, shi ya sa likitoci sai sun fara janye ruwan kafin su sa irinsa kaɗan-kaɗan. Mai asma yana iya sarƙe shi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin kuwa, yakan ɓoye masa bugun da ke sanar da shi sukarinsa ya faɗi. Ko a inda bai yi illa nan take ba, lafawar bugun takan sa a fasa zuwa asibiti, ciwon da ke ƙarƙashi ya ci gaba da cin jiki a ɓoye. Mai kemis da ya san darajar sana'arsa, awo zai yi, ya rubuta adadin a takarda, ya ce wa mai saye ya kai wa likita.

Na uku shi ne wanda hujjarsa ta fi nauyi. Zai ce, kuna ta maganar likitan zuciya da na'ura, alhali a ƙauyenmu asibitin sha-ka-tafi ɗaya ne, ba wuta, ba likita, kuɗin mota zuwa birni ya fi abin da ke aljihu. Babu mai musun wannan. Likitocin zuciya kaɗan ne, kuma a manyan birane suka taru. Amma a duba jerin dalilan da muka lissafa. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na ɗigon jini, da gwajin yawan jini, da awon zafin jiki, da awon sukari, da duba ƙafa ko ta kumbura, duk ana iya yin su a ƙaramin asibiti, kuma su ne ke gano mafi yawan masu wannan koke. Ƙirgar bugu ita ke rarrabe wanda za a yi wa magani a gida da wanda ya zama dole a yi masa karo-karo a kai shi birni. Saboda haka talauci ƙarin dalili ne na ƙirgawa, domin mara ƙarfi ba shi da kuɗin da zai ɓatar a kan maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Na'urar da ke zana lantarkin zuciya a takarda, wadda ake kira ECG, ba sabuwar fasaha ba ce. Tun 1924 aka ba Willem Einthoven na ƙasar Holan kyautar Nobel a kanta. Tasa sai mutane da dama suke sarrafa ta, amma yau akwai masu batir da ake ɗauka a jaka, kuma ma'aikacin jinya na iya ɗaukar hoton takardar ya tura wa likita ta waya. Abu ɗaya da ya kamata mara lafiya ya sani shi ne, in bugun mai zuwa ne yana tafiya, gwajin da aka yi bayan ya lafa na iya fitowa lafiya lau. Don haka a rubuta lokacin da ya taso, da adadinsa, da tsawon da ya ɗauka, in da hali kuma a je a yi gwajin yana cikin yi.

Na huɗu zai ce, koya wa mutane ƙirga bugu zai mai da su masu waswasi, kowa ya wuni riƙe da hannunsa. Lallai akwai masu irin wannan hali, kuma ba a ce mai lafiya ya riƙa awo safe da yamma ba. Amma galibi adadi kwantar da hankali yake yi. Wanda ya ji ƙirjinsa na dukan tsiya ya ƙirga ya sami 84 a jere, ya san ba gaggawa. Wanda ya hau bene ko ya sha gudu ya sami 120, ya huta minti goma ya ga ta sauko, ya san zuciyarsa aikinta ta yi. Shi kuwa mai ganin abin na iska ne ko sammu, babu wanda ya ce ya bar addu'a, malamai ma suna horo da neman magani. Abin da ake roƙo shi ne kada jiran ɗaya ya hana ɗaya, domin gudan jinin da zai shanye wa mutum ɓarin jiki ba ya jiran a gama kwana bakwai ana hayaƙi.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa shawara. Idan saurin bugu ya zo tare da ciwon ƙirji, ko suma, ko sarƙewar numfashi, ko zufa mai sanyi, ko karkacewar baki da mutuwar hannu, ko zubar jini, ko baƙin bayan gida, a nufi asibiti nan take. Haka in mai ciki ce ko mai jego, ko wanda aka san yana da ciwon zuciya, ko wanda a gidansu an taɓa yin mutuwar fuju'a a ƙuruciya. Bugun da ya kai 150 mutum na zaune, ko wanda ke zama sama da 100 kwana da kwanaki, ko wanda ba shi da tsari, shi ma na ganin likita ne ko da babu wani ciwo tare da shi. In kuwa mutum ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a bar yayyafa ruwa da fifita. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota.

Kiran da ya rage na hukumomi ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Najeriya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daga abin da ke isa ƙananan asibitoci, agogon bango mai hannun daƙiƙa, da na'urar awon jini, da ta gwajin yawan jini, ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, haka ma ECG ɗaya mai aiki a kowane babban asibiti tare da wanda ya iya karanta ta. A koya wa ungozomomi da ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa auna bugun kowace mai jego a ziyarar bayan haihuwa, su rubuta a kati. Masu sa ido kan sayar da magunguna su tabbatar ba a miƙa ƙwayoyin zuciya sai da takardar likita. Hukumomin wasanni su tanadi na'urar farfaɗo da zuciya a filayen da ake tara jama'a, makarantu kuma su koya wa ɗalibai ƙirgar bugu da danna ƙirji, darasin da bai fi na yini ɗaya ba. Mu kuma a gidajenmu, duk wanda ya ce mana zuciyarsa na bugawa, mu fara da kama hannunsa mu ƙirga, sannan mu raka shi inda za a nemo dalili. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya.